Sunan Ƙanwata Na Sa a Kan Kwalin Maganina

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi, Allah ya sa kuna lafiya. Don girman Allah ki ɓoye sunana, kar ki bar ko harafin farko, domin garinmu tari kawai za ka yi a Badariya a ce maka sannu daga Argungu. Sunayen da zan ambata ma duk na aro ne. Kuma ina roƙon masu sharhi, na san halinku, na sha ganin yadda kuke yi wa mutum tatas a nan, ni ma na taɓa sa baki, Allah ya yafe mini. Ku bari ku kai ƙarshe tukuna. In kun kai kuka ga zagin ya dace da ni, to ku yi, amma ku haɗa da shawara, ita ce ta kawo ni.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, ina aure a Badariya, ina da 'ya guda, Ummi. Gidanmu na haihuwa yana Argungu. Babanmu ya rasu, saura Inna da ƙanwata Nafisa, wadda ni na goya ta, ni na yi mata kitson farko tana ihu tana cizona. Gidan mijina babban gida ne na malamai, muna zaune tare da mahaifiyarsa, Hajiya, ƙofar sashenta na kallon tawa.

Ina da farfaɗiya. Ga shi dai na rubuta. Ba da ita aka haife ni ba. Bayan aurena ne babur ya kayar da mu a hanyar Ambursa, kaina ya bugu da kwalta, aka ɗinke, ya warke, kowa ya manta. Daga baya aka tura mu bita Sakkwato, a can na yanke jiki na faɗi a masauki, cikin mutanen da ba su san ni ba, suka kai ni asibiti. Likita ya yi gwaje-gwajensa ya ce tabon buguwar nan ne, ba gado ba ne, ba aljanu ba ne, ba a ɗaukarta a jikin mutum, kuma in ina shan magani kan ƙa'ida zan yi rayuwata kamar kowa. Ya ce lallai in gaya wa maigidana. Na ce to. Har yau ban cika wannan to ɗin ba.

Za ku ce don me? Akwai wata baiwar Allah a dangin Hajiya mai irin wannan ciwo, takan zo gaisuwa. Da idona nake gani. Kofinta daban, kwanonta daban, in ta shigo a janye yara da dabara, in ta tafi a wanke tabarma. Hajiya ba muguwa ba ce, wallahi takan ba ta zani da turare, takan yi mata addu'a har da hawaye. Amma da kunnena na ji ta ce, "Wanga ciwo ba a haɗa zuri'a da shi." Baiwar Allah nan ta girme ni, har yau tana gidansu, ko mai cewa ina so babu. To ni da ke tuƙa wa gidan tuwo, ni da Ummi ke barci a ƙirjina, in je in durƙusa in ce musu me? A raba mini kofi a gidan aurena? A ɗauke mini 'ya a mayar da ita sashen Hajiya don kar in faɗi a kanta?

Sai maganar sayen magani ta zame mini tashin hankali. Mai kemis ɗin unguwarmu sahu ɗaya suke sallah da mijina, in ka sayi maganin ciwon kai da safe, da la'asar za a tambayi maigidanka ya mai jiki. Asibiti kuwa duk inda na juya iyayen ɗalibaina ne, kowa sai ya ce Malama lafiya dai? Ana haka na gano wani kantin magani na intanet, can Abuja. Sai ka tura musu hoton takardar likita su duba, su naɗe maka maganin a kwali ruwan ƙasa, ba tambari, ba sunan kanti, ko rasit ba sa sawa a ciki in ka ce ba ka so. Sunan mai karɓa da lambar wayarsa kawai ake rubutawa a waje, a ba direba ya kawo tasha. Ranar da kwalin farko ya shigo hannuna har sujadar godiya na yi. Na sayi wani layin waya dabam wanda ba wanda ya san shi, na sa a tsohuwar ƙaramar wayata, don wannan saƙo kaɗai.

Da farko tashar Birnin Kebbi nake karɓa, da sunana. Wata rana ina fitowa da kwalin sai na yi kiciɓis da ƙanin mijina, yana da shagon kayan waya a bakin tashar. Ya ce, "Anti, mi kika wahal da kanki? Ki bari duk sa'adda saƙonki yaz zo in ɗauko miki." Na ce turaren wuta ne nake sarowa, na gode. Na koma gida ina neman mafita. A nan ne shaiɗan ya ba ni dabarar da nake kuka a kanta yau. Tunda duk ƙarshen wata nakan je Argungu gaida Inna, me zai hana a riƙa kai saƙon tashar can? Kuma don kar wani ya ga sunana, sai na sa sunan Nafisa. In na sauka a mota in biya rumfar ajiyar saƙo in karɓa, in jefa a jaka, in wuce gida. Ban gaya mata ba. Na ce aron suna ne kawai, me zai rage mata? Har yaba wa kaina wayo nake, ni malama mai ilimi.

Maganin ya riƙe ni sosai, Alhamdu lillahi. Sau ɗaya tak na faɗi a gidana, wata damina da saƙon ya makara na yi kwanaki ban sha ba. Lokacin Nafisa ta zo mini hutu, ba kowa a sashen sai mu. Na farka na gan ni kwance a kicin, an kashe risho, an sa mini matashi, fuskata a goge. Nafisa na zaune tana tsintar shinkafa kamar ba abin da ya faru. Ta ce, "Jiri na yad ɗebe ki, Yaya. Zahin garin ga ya yi yawa." Na ce ƙwarai jiri ne. Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu, ita kuma ba ta sake tayar da ita ba.

To Nafisa ta samu miji. Bashar sunansa, mutumin Augie, suna harkar albasa, a kwaleji suka haɗu. Yarinyar da ta sha rantsuwa ba za ta auri mai warin albasa ba, sai ga ta in an ambaci Augie bakinta ba ya rufuwa. Na tsokane ta har na gaji. Yaron kirki ne, kuma suna son juna irin son da ko makaho ya shigo ɗakin zai ji shi. Aka sa ranar kawo lefe. Ni kuma maganina ya kusa ƙarewa, na yi odar wani kamar kullum, na ce ai dama ina Argungu, in an watse sai in leƙa tasha. Hajiya da kanta ta ce za ta raka ni don ta girmama Inna. Na ji daɗi har raina, ban san abin da na ɗauko ba.

Ranar ina bakin murhu tun safe ina suyar kifi, ƙaramar wayar tana cikin jaka a ɗakin Inna. Direban da ya kawo saƙon ya kira ya kira ba a ɗauka ba. Da wani baƙon direba ne da ya ajiye a rumfa ya yi gaba. Amma sai aka dace da Baba Mamman, abokin marigayi babanmu, wanda tun muna yara yake kawo mana rake. Ya karanta sunan, ya san gidan, ya kuma san yau ake kawo lefen Nafisa, don duk garin an sani. Sai bawan Allah ya ce wannan ai kayan biki ne, ba zai bari ya kwana a tasha ba. Ya ɗauko da kansa har zaure, ya ƙi karɓar ko ruwa, ya ɗaga murya ya ce, "Ga saƙon amarya ya iso kan kari, a shiga da shi!" Su can Abuja sun yi iya ƙoƙarinsu, sun ɓoye komai. Abin da ba su sani ba, ni ma na manta, shi ne a Argungu suna kaɗai ya isa a kawo ka har tsakar gidanku.

Ga waɗanda ba su san al'adarmu ba, ba a karɓar lefe a rufe. Tabarmi ake shimfiɗawa a tsakar gida, dangin ango gefe, namu gefe, wata gwaggo ta zauna ta riƙa buɗe akwati tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, ana guɗa ana sa albarka. Amarya kuwa ba ta zama, gidan ƙawarta take gudu don kunya. Da aka shigo da kwalin sai aka ajiye shi cikin akwatuna. Mutanen Augie suka ɗauka namu ne, namu suka ɗauka ƙarin kayansu ne.

Na fito ɗauke da tiren kifi, sai na hango Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta ɗora kwalin a cinya tana yanka salatif da reza. Ko daga nesa na gane shi. Anti, a wannan lokacin ina da dama. Da na ce Gwaggo bari, kayan makarantarmu ne, da shi ke nan. Da ma na saki tiren ya zube hankali ya dawo kaina. Amma ban yi ko ɗaya ba. Gwaggo ta zaro fakitin magani ta ɗaga sama yadda take ɗaga atamfa, ta ce, "Wanga kuma wane irin kayan gyaran amarya na? Kai, zamani!" Mata suka kwashe da dariya, wata har ta rangaɗa guɗa. Sai yayar ango, Luba, ta miƙa hannu ta karɓi fakiti ɗaya, ta rubuta sunansa a wayarta. Ina kallon fuskarta tana canzawa. Ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Maganin hwarhwaɗiya na."

Luba ta zazzage kwalin, ba takarda, ba rasit, ba komai. Ta juya shi, ba abin da ke jiki sai sunan Nafisa da wata lamba da ba wanda ya sani. Duk sirrin da na nema aka yi mini, shi ya bar sunan ƙanwata shi kaɗai a wurin. Inna ta dafe ƙirji tana salati tana cewa ɗiyarta lafiyarta lau. Sai Luba ta juyo gare ni ta ce, "Malama, ke ta yayarta, ke kika san cikinta da bayanta. Gaskiya na?"

Na ɗaga kai. Hajiya na zaune daf da Luba, Ummi na kan cinyarta tana cin ƙashin kifi, idon Hajiya ƙur a kaina. Na ga kofin nan daban, na ga tabarmar da ake wankewa. Sai na ji bakina ya ce, "Ai da sauƙi yanzu."

Wannan ita ce maganar da na yi. Ban ce nata ne ba, amma wa zan yaudara? Kowa a wurin ya ji abin da nake nufi. Da na ce ban sani ba ma da akwai sauran ƙofa. Ni na rufe ta, na sa sakata, a kan yarinyar da ba ta ma wurin balle ta kare kanta. Mutanen Augie masu mutunci ne, ba su tayar da hayaniya ba. Sun taɓa abinci don kunya, suka yi sallama, sauran akwatunan ko buɗe su ba a yi ba. A mota muna komawa Hajiya ta dafa gwiwata ta ce, "Allah ya ba ƙanwarki lahiya. Amma ki rage kai Ummi can, kin ji ɗiyata?" Na ce to, Hajiya. Kun ga dai ni da to, ba ta yi mini wuya.

Bayan nan saƙo ya zo daga Augie cewa a dakata tukuna. Mahaifiyar Bashar ta ce ba ciwon ne kaɗai ya dame ta ba, ɓoyewar ce. Bashar ya zo da kansa ya tambayi Nafisa, ta ce masa ita lafiyarta lau, maganin ba nata ba ne. Ya ce to na wa ne? Ta ƙi faɗa. Ya ce ya yarda da ita, amma me zai je ya gaya wa mahaifiyarsa, bayan yayarta uwa ɗaya uba ɗaya ta amsa a gaban jama'a? Yanzu magabatansa sun ce ranar Juma'a mai zuwa za su zo wurin kawunmu. In maganin ba nata ba ne a faɗi mai shi, a ci gaba da biki. In ba haka ba su kwashe akwatunansu, kowa Allah ya haɗa shi da rabonsa.

Na gwada taɓa zuciyar maigidana in ji. Na ce, Malam, ka ga abin da ya samu Nafisa. Ya ce, "Ciwo na kamar kowane ciwo, Allah ka kawo shi, kuma akwai magani. Mutane na da jahilci kan wanga abu." Wallahi na buɗe baki zan faɗa, har numfashi na ja. Sai ya ƙara da cewa, "Amma da sun hwaɗi tun hwarko. A zauna da mutum ana ɓoye mai abu irin wanga, cin amana na." Na haɗiye maganata na tashi na kwashe kwanuka.

Ga kuma jikina. Sauran maganin da ke wurina ya kusa ƙarewa, har na fara raba ƙwaya biyu, abin da likita ya hana ni. Tsoron yin wata oda nake, da sunan wa, zuwa wace tasha? In ina tsaye gaban allo sai in riƙa jin tsoron faɗuwa a gaban yara. Inna kuma ta ce a ƙone wancan kwalin, ta koma karɓo wa Nafisa rubutu da hayaƙi, tana kuka tana cewa wane irin ciwo ne ɗiya za ta ɓoye wa uwar da ta haife ta.

Jiya bayan an tashi makaranta na kasa daurewa, na hau mota na tafi Argungu. Ban taka Argungu ba tun ranar, waya ma in Nafisa ta kira sai in ce ina aji. Na tarar Inna ta fita barka. Akwatunan na jere a ɗaki an lulluɓe su da zani. Nafisa na bayan gida tana wanke-wanke, ta rame, idanunta sun faɗa. A kan randa na ga wani jan kofi an ɗaura masa zare a hannu. Ba sai an gaya mini na waye ba. A gidanmu, gidan da muka tashi muna shan fura a ludayi ɗaya, an ware wa Nafisa kofi saboda ciwona.

Na shirya za ta zage ni, ko ta tambaye ni me ya sa na yi mata ƙarya, har na tanadi wata ƙaryar, in ce ruɗewa na yi. Ba ta tambaya ba. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi Ummi, ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Ta fito da baƙar leda cike da busasshen kifi ta miƙo mini, ta ce tsarabar Hajiya ce. Da na karɓa sai na ji wani abu mai tauri a ƙasa. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Shina ƙarƙashin kihi. Inna ta ce in ƙone, kwalin kaɗai na ƙone. Na san naki ya kusa ƙarewa. Ki sha kan lokaci, Yaya, kar ki yi wasa da shi."

Na zauna a ƙasa, a jiƙaƙƙen wurin wanke-wanken. Na ce, Nafisa, tun yaushe kika sani? Ta ce, "Tun ranar da nis sa miki matashi. Na ga yadda kika yi, na juya ki gefe, na share miki baki. Na ga ba ki son a sani, shi na nic ce jiri." Na fashe da kuka ina cewa ki yafe mini, ki yafe mini. Ta durƙusa ta kama hannuna ta ce, "Ni ba ni hwaɗi. Ko Inna, ko Bashar, ba mai ji daga bakina. In za a ji, daga bakinki za a ji." Ta dubi ruwan da ke gangarawa kwata. Can ta ce, "Amma Yaya, ina son shi."

Ta rako ni har bakin titi, ta tsayar mini da babur, ta ma gyara mini ledar a cinya don kar ta faɗi.

Na sha maganin yau da safe, cikakkiyar ƙwaya. In na yi magana, ban san ko zan ci gaba da zama a gidan nan ba, ban san ko Ummi za ta ci gaba da kwana a ɗakina ba, kuma mai yiwuwa mutanen Augie su ce ai gado ne, su fasa duk da haka, in yi asarar nawa ban ceto nata ba. In na yi shiru, ranar Juma'a za a fitar da akwatunan nan ta zauren da Baba Mamman ya yi sallama, duk Argungu na kallo, kuma wa zai sake zuwa neman Nafisa? Wa zan fara gaya wa, Malam ko Inna ko Hajiya? Ko in hau mota in tafi Augie in durƙusa gaban mahaifiyar Bashar da takardar likita mai sunana? Kunya ta ishe ni, tsoro ya ishe ni, kuma ƙanwata tana can tana shan ruwa a jan kofi tana jiran bakina.

Don Allah jama'a, kafin Juma'a, me zan yi?